Abin da Na Rubuta a Bayan Zanen Wayoyi

Yaya,

Ka yi haƙuri, yau gaisuwa za ta biyo baya. Na san kaina: in na fara da ita zan cika takardar da lafiyar kowa, in sa hannu, in ninke, ban faɗi abin da ya zaunar da ni ba.

Ina rubuta labari. Ba na makaranta ba, irin na littattafan nan da kake cewa bangonsu kaɗai ya isa ya sa mutum ciwon kai. Shekara biyu ke nan ina yi, ko Mama ba ta sani ba. In ta ji motsin biro ta tambaya, sai in ce aikin gida ne. Kai ne na farko da na taɓa gaya wa, kuma ba don na so ba, sai don na yi ɓarna.

To, yanzu ina gaisuwa. Ya aiki, ya daji? Ina fatan tarin nan ya sake ka. Mama tana gaishe ka. Jikinta da sauƙi, sugan bai hau ba tun makon jiya. Idon ne dai yana nan yadda ka bar shi, don haka har yanzu ni ke zuƙo mata allurar safe da yamma, ita ta yi wa kanta.

Janareta ya iso lafiya. Direbanku da wasu mutum biyu suka shigo da shi suna nishi, suka ajiye a ɗakin ajiya. Mama ta shafa kwalin ta ko'ina kamar an kawo mata jika, ta sa na lulluɓe shi da tsohon zanin gado. Yana nan a lulluɓe. Ba a haɗa ba. Nan ne ɓarnar take.

Ka tuna takardar da ka haɗo, mai zanen wayoyin gidanmu, wadda ka ce in ba mai gyaran wuta? Ranar da ta zo ba wuta tun safe, Mama tana barcin rana, ni kuma littafina na rubutu ya cika har bango. Na zauna ina ta maimaita abin da ka rubuta, wai in nemo mai gyara mai hankali, mai natsuwa, wanda ba ya gaggawa. Sai na fara tunanin yadda irin wannan mutum zai kasance. Ban san lokacin da babi guda ya zo mini ba, gaba ɗayansa, har da ƙarshensa. In haka ta faru ban rubuta nan take ba, tafiya yake yi. Na duba ko'ina ba takarda, sai bayan zanenka, fari fat.

Na cika shi. Har gefe-gefe na bi na rubuta a tsaye. Saurayin labarin mai gyaran wuta ne, yarinyar tana riƙe masa tsani, kuma na sa mata sunana. Ba mai kama da shi ba, sunana, har da Auta. Akwai wurin da ya sauko daga tsanin ya faɗa mata wata magana. Ba zan rubuta maganar a nan ba ko za a yanka ni.

Ka ga ke nan babu mai gyaran wuta a duniya da zan iya miƙa wa takardar nan. Na gwada gogewa, biro ne, sai da ta kusa hujewa. Na ɗora wata a kai don in manna, na ɗaga ga taga, rubutun yana fitowa sarai. Na kai shagon da ake ɗaukar hoton takardu, ina ganin mai shagon yana juya takardar wani yana duba bayanta na juyo gida.

Shi kansa mai gyaran ban samo ba. Kwana uku ina zuwa layin masu kayan wuta. Duk maza ne a kan benci, ga rediyo, ga dariya. Da na matso wani ya ce, "'Yan mata, me ake nema?" sai in ji bakina ya ce batir. Yanzu muna da batir shida a gida, ba mu da abin da za mu sa su.

Ga kuma Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, an yi wa mijinta canjin wurin aiki, ƙarshen watan gobe za su tashi. Ka san a firjinta mai aiki da hasken rana muke ajiye allurar Mama, kuma duk layinmu babu mai irinsa. Wutar gari kuwa sai ta yi kwana biyu ba a gan ta ba. In suka tafi janaretan bai tashi ba, ban san inda za mu kai maganin ba.

Don Allah ka sake zano wani ka aiko. Kada ka yi dariya. In ka yi, kada ka rubuto cewa ka yi.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Mama. Ina lafiya, tarin ya tafi, ƙurar dutsen da ake fasawa a nan ce kawai. Ki ce wa Mama ina cin abinci, kada ta dame ki da tambaya. Ki riƙa duba mata ƙafafu yadda likita ya ce.

Mota ta zo jiya, na zazzage jakar wasiƙu, babu taki. Direba ya ce wataƙila ta makara, sai zuwa na gaba. Ni kuma na ce 'yar gidan tana can ta nutse cikin "ya ɗago kai a hankali ya dube ta", ta manta tana da wa a daji. Nan babu sabis ko na rantsuwa, ko ka hau dutse iska kawai za ka samu. Mota kuma sau ɗaya a mako biyu. In kin yi shiru, ni da jin labarin gida sai wata.

Ina zaton yanzu kin samo mai gyara. In ba a fara aikin ba, ga abin da ban samu faɗa miki ba wancan karon saboda direba yana ta danna mini hon.

Takardar zanen nan ita kaɗai ce. Ba yanzu na zana ta ba. Ita ce wadda na yi shekara takwas da suka wuce, lokacin da na sake wayoyin gidan bayan rasuwar Baba, ina ɗan makaranta, waya ba ta isa ba, na yi ta dabara. In aka ce in sake zana ta yau, rabi zan tuna, rabi in ƙirƙira. Ki riƙe ta kamar takardar gida.

Layukan jan biro wutar mitar gida ce. Na shuɗi na mitar shagon gaba ne, wanda Tela take haya. Jagwalgwalon nan da ke kusurwar ƙasa, da za ki ɗauka kuskure na yi na soke, ba kuskure ba ne, shi ne ma zancen. A nan na ɗinke ɗakin Mama da layin shago a cikin bango. Duk inda kika ga ɗigo a kan layi, waya biyu sun haɗu. Inda babu ɗigo, giftawa kawai suka yi. Wanda ya sa abin sauya wuta bai san da wannan ba, zai bar wutar inji da ta gari su yi karo.

Saboda haka ki sa masa takardar a hannu, ya zauna ya karanta. Kada ki tsaya kina yi masa bayani da baki, na san bayaninki, daga launin sararin sama za ki faro. Inji kuma a bayan gida za a ajiye shi, nesa da tagar Mama, saboda hayaƙi.

Ki rubuto, malalaciya.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka da aiki, na yi murna tarin ya tafi. Mama lafiya, ƙafafunta ba komai, sai dai ta tsorata ranar Laraba kuma har yanzu ba ta son a taɓa makunni. Wasiƙarka ta zo ranar Alhamis. Da Talata ta zo da ba wannan nake rubutawa ba. Na gane ba ka ga tawa ba lokacin da ka rubuta, sai nake jin kamar ta bango muke magana, kowa da zancensa.

Na samo mai gyara, kuma ban shiga shagon kowa ba. Da rana in aka ɗauke wuta sai in bi layuka ina sauraron janaretocin mutane. Wasu tari suke yi, wasu kamar ana jan gwangwani a kan titi, wasu kuwa muryarsu ɗaya, ba hawa ba sauka. Na lura duk masu daɗin muryar akwai kwanan wata da farin fenti a jikin tankinsu, hannu ɗaya, bakwai ɗinsa da 'yar ƙugiya. Na ƙirga biyar. Da na gaya wa Anti Tela ta ce, "Ai aikin Sannu-Sannu ne. Ya iya, amma ki tanadi haƙuri, sai ya gaisa da kowace waya kafin ya taɓa ta." Ita ta aika masa.

Ya zo a keke, da jakar fata da ta sha hannu. Irin wanda ka ce ne sak. Ba ya ɗaga murya. In yana tunani sai ya ɗora testa, ɗan abin gwada wutar nan, a leɓensa ya dubi rufi. Hannuwansa duk tabo, amma in ya kama waya kamar ya kama ɗan tsuntsu. Kwana biyu ya yi bai kunna komai ba. Ya yi wa injin dandamali a bayan gida, ya juya salansar da ke fitar da hayaƙi ta kalli katanga, ya buga ƙarfe a ƙasa ya ɗaura masa waya. Ni ke riƙe masa tsani.

Da ya tambaya ko akwai wanda ya san hanyar wayoyin gidan, na ba shi takarda. Ba taka ba. Na kwafe zanenka a sabuwa, da birona mai ruwan hoda, duka launi ɗaya, tunda ban san launin magana yake yi ba. Na sa rula na miƙe layukan da ka karkata. Jagwalgwalon kusurwa na tsallake shi, na ɗauka sokewa ka yi, wurin ya yi fili sai na sa ɗan fure. Na ce masa yayana ne ya aiko. Ya daɗe yana dubawa, ya dube ni, ya ce, "Yayan naki mutum ne mai tsafta."

Ranar Laraba da la'asar ya kafa abin sauya wutar kusa da mita, ya ce a zare firjinmu daga soket tukuna, sannan ya tayar da inji. Fitilu suka kama, fanka ta juya, Mama tana ta sa maka albarka. Ko minti goma ba a yi ba aka kawo wutar gari. Sai muka ji tas a ɗakin Mama, ƙwan fitila ya fashe, wari ya tashi kamar ana ƙona roba, Anti Tela ta fito da gudu wai keken ɗinkinta ya yi tsalle. Ban taɓa ganin Sannu-Sannu ya yi sauri ba sai ran nan. Kafin in juya ya kashe inji ya zare fiyus.

Ya kifa bokiti ya zauna, ya shimfiɗa takardata a gwiwa.

"Wuta biyu sun haɗu a waya ɗaya," ya ce. "Akwai hanya a bangon nan da ba ta cikin takardar nan."

Mama ta ce, "Ai dama. Yaron nan tun yana ƙarami komai nasa a karkace yake, ko maɓallin riga."

"A'a, Hajiya. Wanda ya yi wayoyin gidan nan ya san aiki, na ga ɗaurinsa a akwatin mita. Ba shi ya zana wannan ba. Mai aikin waya ba ya sa rula."

Ya ɗora yatsa a kan furen. Mama ta ce ita dai ido ba ya taimakonta, Auta ce ke karɓar takardu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na tattaro murya na ce ko a ja waya ɗaya kai tsaye daga inji zuwa firji. Ya ce damina ce, ruwa yana kwanciya a tsakar gidanmu, ga Mama ba ta ganin ƙasa sosai, shi ba ya shimfiɗa irin wannan waya ko a gidan maƙiyinsa. Ko dai a kawo masa takardar asali, ko ya bi bango yana fasawa ɗaki-ɗaki, kuma wannan aikin wata guda ne. Ya ɗaure jakarsa ya ce in an samo a aika masa.

Saura kwana goma sha shida Maman 'Yan Biyu su tashi, har ta fara ɗaure kwanuka a buhu. Kai ka ce ba za ka iya sake zanawa ba. Ni kuma ba zan iya ba shi wannan ba. Jiya na hango shi a hanya, zuciyata ta hau bugawa, na shige wani lungu da ba ya ɓullewa na tsaya ina kallon bango har ya wuce. Ban san abin da zan yi ba. Ka gaya mini.

Auta

*

Auta,

Ina gaishe ku, na gode Allah da babu wanda ya ji rauni. Lafiyata ƙalau, in ban da kaina da ke ciwo tun jiya, kuma ke ce sanadi.

Wasiƙunki biyu tare suka zo, a ɗaure da roba ɗaya. Na fara da ta sama, ashe ita ce ta biyu, na karanta ta farko, na koma ta biyun, har abokin ɗakina ya tambaya ko jarrabawa zan yi. Ga abin da na fahimta. In na yi kuskure ki gyara mini, ko da yake ba na jin na yi.

Kin rubuta wa mai gyaran wuta kalaman soyayya a bayan zanena, da sunanki. Kin bi layi-layi da tsakar rana kina neman sa. Kin san yadda yake ɗora testa a leɓe. Kina riƙe masa tsani. Kin hango shi a hanya zuciyarki ta buga. Kuma kina so in yarda labari ne kawai.

Auta, shekarunki goma sha shida. Wane ne shi? Ɗan gidan wa? Tun yaushe kika san shi? Me ya sa ya kwashe kwana biyu a aikin da ni zan gama kafin hantsi? Mutumin da ya ga takarda mai fure ya gane ba ta gaskiya ba ce, amma ya tayar da inji, ko dai bai san aiki ba, ko kuma ba aikin ne ya kawo shi gidan ba.

Ban yi dariya ba, tunda kin yi maganar.

Na ce ki sa masa takardar a hannu. Na janye. Kada ki kuskura ki ba shi. Ki sa Tela ta nemo wani, dattijo mai iyali. In ya zo ki riƙe takardar da hannunki ki nuna masa gaban kawai, in ya gama ki ninke abarki. Maganin Mama kuwa, ki roƙi Maman 'Yan Biyu su ƙara ko mako ɗaya ne, mutanen kirki ne.

Layukan da ke ƙasa na Mama ne, ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki yi musu ado.

Mama, ina gaishe ki. Mai gyaran da ke zuwa gidan nan kada ya sake shigowa. Ki riƙa lura da Auta, in ta ce aikin gida take yi ki sa ta karanta miki. Sauran bayani sai na zo.

Yayanki da ya goya ki

*

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya sawwaƙe ciwon kai. Mama tana cin abinci tana barci, amma ba zan ce maka lafiya lau ba, don ban sani ba.

Sau huɗu na karanta wasiƙarka ina neman wanda kake magana a kai. Sannu-Sannu ya girmi marigayi Babanmu. Gemunsa fari ne tas, jikokinsa tara, ɗaya ma ajinmu ɗaya da ita. Baba nake ce masa. Ina riƙe masa tsani ne saboda gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasa. Na zauna na tuno abin da na rubuta maka, ashe ban faɗi shekarunsa ba, na tsaya a kan hannuwa. Haka ake siffanta mutum a littafi, ni ban san wata hanya ba. Labarin kuwa na rubuta shi tun ban san yana duniya ba. Saurayin ciki ba kowa ba ne, ko hanci ba shi da shi tukuna, ban yanke shawara ba. Zuciyata kuma haka take yi ko mai kanti ne ya dube ni. Ka ce a nemo dattijo mai iyali. To, shi ne dai.

Kuma kada ka zarge shi da yawa, ya riga ka. Ya gaya wa Anti Tela tun da ya ga furen ya kamata ya tsaya, amma ya ga yarinya ta yi ƙoƙari, bai so ya ba ta kunya a gaban mahaifiyarta ba.

Saƙon Mama na karanta mata "Mama, ina gaishe ki," na tsaya. Ta ce sai me. Na ce sauran ma gaisuwa ce. Ta ce, "Yayanki bai taɓa gaisuwar da ta kai layi uku ba. Ajiye, in ya zo ya karanta mini da bakinsa." Ban san me ta gane ba, ban kuma tambaya ba.

Maman 'Yan Biyu ba sai na roƙe ta ba, shekaranjiya suka tafi. Motar kayan ta zo da wuri, kuma firjin aka fara ɗorawa. Ta kawo mana kwalaben a cikin fulas da ƙanƙara, tana ta ba da haƙuri kamar ita ta yi laifi. Wutar gari yau kwana uku ba a gan ta ba. Kullum da safe nakan je can bayan kasuwa in sayo ƙanƙara, kafin la'asar ta zama ruwa.

Ka ce in riƙe takardar in nuna gaban kawai. Na riga na gwada abin da ya fi haka. Na samo jan biro da shuɗi na zauna in kwafe kusurwar daidai yadda take. Sai na ƙirga ɗigo goma sha ɗaya. Yaya, ba duka ne naka ba. Nakan danna biro in na zo ƙarshen jimla, musamman inda maganar ta yi nauyi, kuma kusurwar nan tana daidai bayan wurin da ya sauko daga tsani. Tawadata ta ratso ta fito gaba, shuɗiya irin taka. Na ɗaga ga taga na yi ta juyawa har wuyana ya ƙage. Huɗu na tabbata nawa ne, uku naka, sauran huɗun ban sani ba, sun hau kan layi daidai. Babu mai raba su sai wanda ya san inda waya za ta iya haɗuwa da inda ba za ta iya ba, kuma dole ya juya takardar ya bi jimlolina ɗaya bayan ɗaya ya ga inda kowace ta ƙare. Ko wa ka kawo, sai ya karanta.

Yau da safe na zo zuƙo allura, Mama ta riƙe mini hannu.

"Ɗaga kwalbar ga haske," ta ce. "Likita ya ce in ta sha zafi takan sauya. Ya kika gan ta?"

Na ɗaga. Ni ce idonta, Yaya, kuma ban sani ba. Wani kallon in gan ta garau, wani kallon in ga kamar da ɗan gajimare a ciki. Na ce mata lafiya lau take. Ta ce to, ta yi allurar, ta ce in daina ɓata rai a kan inji, ita ba ta ga abin gaggawa ba. Ta ɗauka zafi ne ya sa nake gumi. Tun lokacin nake zagaya ta, ina tambayarta ko tana jin jiri, har ta ce in na rasa aikin yi in je in share tsakar gida.

Motarku sai nan da mako biyu, ba zan iya jiran izininka ba. Na sa Anti Tela ta aika masa, ya ce yana tafe bayan azahar. Na yi ta shirya abin da zan ce. In ce ƙawata ce ta rubuta, ga sunana a ciki sau tara. In ce aikin makaranta ne, babu malamin da zai ba da irin wannan aiki. Ƙarshe dai na ga babu abin cewa. Wataƙila ya yi dariya. Wataƙila ya gaya wa jikarsa, ranar Litinin duk ajinmu su san maganar. Wataƙila ya karanta wa Mama, ya hutar da kai. Na je bayan gida na yi kuka kaɗan, na wanke fuska.

Takardar tana kan gwiwata yanzu. Na ninke ta zanen a ciki, rubutuna a waje, don in zai gani ya gani tun daga ƙofa, in huta da jira. In za ka yi fushi ka yi, zan karanta shi duka, ba zan tsallake layi ba.

Ga ƙarar kekensa nan a waje. Kafin ya gama gaisawa da Anti Tela zan sa hannu a nan in tashi. Zan ba shi.

Ƙanwarka,
Auta